Yaya ake auna ƙwazon ɗalibai a makarantun Yahudawa na jeka-ka-dawo?

Mai Neman Sani: Jama'a, na ji cewa makarantun Yahudawa na jeka-ka-dawo a Amurka suna raba yini tsakanin boko da addini. Shin da me ake gane ɗalibi ya yi fice a ɓangaren addinin?

Malamar Firamare: Tun daga ajin farko ake koya wa yaro Ibrananci, kuma makarantu da yawa sukan shirya biki a miƙa masa littafin addu'o'insa a gaban iyaye. Daga nan sai Attaura tare da sharhin Rashi, malamin Yahudawa ɗan Faransa da ya rasu a 1105, sannan Mishna da Talmud, wato littattafan dokokin addinin Yahudawa da sharhinsu. Abin da ya fi burge ni shi ne karatun bibbiyu, inda ɗalibai biyu suke zama da littafi a buɗe suna muhawara kan jimla ɗaya har sai sun warware ta.

Tsohon Ɗalibi: Malama ta yi bayani. Akwai kuma gasar sanin Tanak, wato tarin littattafai masu tsarki na Yahudawa da Attaura ke cikinsu, wadda ake kammalawa a Kudus kowace shekara.

Mai Neman Sani: Na gode, Malama. Shin 'yan mata ma suna karanta Talmud?

Malamar Firamare: Ya danganta da aƙidar makarantar, domin wasu suna koya musu, masu ra'ayin riƙau kuwa galibi ba sa yi.