Chablis Grand Cru ta 2014: tsufa ne wannan ko lalacewa?

Ishaya_D:

Barkanmu da warhaka, 'yan'uwa. Akwai kwalba biyu na farar giyar inabi ta Faransa, Chablis Grand Cru Les Clos ta 2014, daga gidan yin giya ɗaya, da za a buɗe wa mutum 6 a cin abincin dare. Da aka ɗaga su a haske, ɗaya ta fi 'yar'uwarta duhu. Tsufa ne ya kawo haka ko ta lalace? Sannan a wane sanyi ake ba da ita, kuma da wane abinci? Masana ku taimaka.

Rahila_K:

Malam Ishaya, bambancin launin nan shi ne abin da ya kamata ya dame ka. Kwalba biyu daga gona ɗaya, shekara ɗaya, ajiya ɗaya, ya kamata su tsufa tare. Idan ɗaya ta riga ɗaya, yawanci iska ce ta samu hanya ta matoshin. Wannan ciwo sananne ne a fararen giyoyin Burgundi, yankin Faransa da Chablis ke ciki, tun daga na tsakiyar shekarun 1990: giyar da ya kamata ta kai shekara 20 sai ta mutu a shekara 6 ko 7. An ɗora laifin a kan matosai marasa kyau da kuma rage farar wutar da ake sa wa giya don ta kare ta daga iska.

Kafin ka buɗe, duba abu biyu. Tsayar da kwalbar ka ga tazarar da ke tsakanin matoshi da giyar. A wannan shekarun bai kamata ta wuce santimita 2 da wani abu ba. Sai ka shafa saman kwalbar: idan matoshin ya turo sama, ko akwai danƙo a wuyanta, zafi ya taɓa dafa ta a hanya ko a shago. Wurin ajiyarta digiri 12 zuwa 14 ne, a kwance, cikin duhu, kuma 'yan makonni a ɗaki mai digiri 30 sun isa su yi mata illa.

Bayan ka buɗe, zuba kaɗan daga kowace a kofi dabam, ka karkata su a kan farar takarda. Lafiyayya za ta yi ruwan zinariya mai haske, wani lokaci da ɗan kore-kore a gefe. Wadda iska ta ci tana komawa launin shayin da ba a sa wa madara ba. Sai hanci. Ƙamshin zuma, da gardi irin na gyaɗar da aka soya sama-sama, da ɗan ƙamshin naman kaza (tsiron nan mai kama da laima, ba tsokar kaza ba), duk alamun tsufa ne mai kyau, muddin akwai lemun tsami a ƙarƙashinsu. Idan kuwa abin da ya bugi hancinka tuffa ce da aka yanka aka bari ta yi ja, to ta tafi, babu dabarar da za ta dawo da ita. Akwai kuma warin jiƙaƙƙen kwali, wanda wani sinadari mai suna TCA da ke cikin matoshi ke kawowa. Shi ma ba ya gyaruwa, ƙaruwa ma yake yi idan giyar ta sha iska. Galibin wannan hukunci ido da hanci ne ke yanke shi, ko ba a kai kofi baki ba.

Idan ka ga wasu ƙananan duwatsu kamar sukari a jikin matoshin ko a gindin kwalba, kada ka damu. Gishirin inabin ne da sanyi ya daskarar.

Bitrus_M:

Anti Rahila ta gama da ɓangaren cuta. Bari in ce wani abu kan abin da za ka nema idan kwalbar lafiya lau take, don kada a sha ta kamar ruwan sanyi.

Chablis tana can arewacin Burgundi, kusa da garin Auxerre, kuma inabi ɗaya ake nomawa don ita, Chardonnay. Gonakin Grand Cru, wato masu matsayi mafi girma a yankin, guda 7 ne a jere a gangaren tudu ɗaya da ke kallon garin Chablis daga hayin kogin Serein: Blanchot, Les Clos, Valmur, Grenouilles, Vaudésir, Les Preuses da Bougros. Dukkansu kusan hekta 100 ne, kuma Les Clos ce mafi girma, giyarta ce kuma aka sani da jinkirin fito da ƙamshinta da ɗanɗanonta. Ƙasar wurin farar laka ce gauraye da dutsen farar ƙasa, cike da ɓawon ƙananan kawa na tekun da ya taɓa rufe yankin. Sanyin wurin yana hana inabi zubar da tsaminsa, kuma tsamin nan shi ne ƙashin bayan giyar, shi ke riƙe ta shekara da shekaru. 2014 na cikin shekarun da aka yaba a Chablis saboda wannan tsami mai tsabta, don haka wadda ta wuce shekara 10 yanzu take shiga ganiyarta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sanyi. Firji yana kan digiri 4 ko 5, kuma a nan giyar bebiya ce, tsami kaɗai za ka ji. Ana son ta a digiri 12 zuwa 14. Fitar da ita minti 25 zuwa 30 kafin a zuba, a ɗaki mai zafi kuwa minti 15 ya isa. Nemi kofi mai faɗin ciki da ɗan tsukakken baki, ka zuba sulusinsa kawai. Kwalba santilita 75 ce, mutum 6 kowa zai samu kusan 12.

Kurɓi kaɗan, ka bar ta ta zagaya baki, ka ja 'yar iska ta tsakanin haƙora. Da farko za ka ji kauri da santsi, sannan tsamin ya biyo baya ya tsinkar maka da yawu, a ƙarshe wani ɗan gishiri-gishiri ya zauna a gefen harshe. Ƙirga daƙiƙun da ɗanɗanon ke ɗauka bayan ka haɗiye ko ka tofar. Chablis ta yau da kullum tana ɓacewa nan da nan, Les Clos mai kyau kuwa tana iya kai rabin minti tana nan.

Ishaya_D:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura abu ɗaya: a juye ta a tulun gilashi ta sha iska, ko a bar ta a kwalba?

Bitrus_M:

Idan ka ji warin ashanar da aka ƙyasta, juye ta, minti 20 zuwa 30. Wannan alamar ƙarancin iska ce, kuma yana washewa.

Rahila_K:

Na yarda da Malam Bitrus, amma ga mai hasken kaɗai. Mai duhun, in ma ta tsira, kada ta ga tulu, don iskar da ta sha ta ishe ta. Buɗe ta farko, awa 1 kafin baƙi, ka gwada, ka mayar da matoshi. In tana da rai a fara da ita a sha da wuri, mai hasken ta biyo baya da babban abinci. Ka sa mabuɗin a tsakiyar matoshi ka ja a hankali, kuma in ya karye ya zuba, tace giyar da ƙyalle mai tsabta wanda ba ya ƙamshin sabulu.

Abinci kuwa, mutanen yankin suna tarbar baƙo da gougères, wasu ƙananan gasassun fulawa masu cuku. Kifi gasasshe da man shanu, ko kaza a miyar madara da tsiron naman kaza, ko cukun Comté, duk suna tafiya da ita. Ka nisantar da ita daga attaruhu da yaji mai ƙarfi da duk abin da ke da zaƙi, don barkono yana rufe ƙamshin da aka jira shekara 10 a samu. Idan akwai miya mai yaji a teburin, a kawo ta bayan an gama kwalba ta biyu.