Shin yaƙi ne ya raba matan Turawa da ɗamarar ƙarfe?

Hajiya Binta: Jama'a, ga maganar da ake ta yaɗawa. Wai a 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatin Amurka ta roƙi mata su daina sayen kwaset, ɗamarar nan mai sandunan ƙarfe da ke matse ƙugu ta tallafi ƙirji. Aka ce an tsimi ƙarfe tan 28,000, har ya isa ƙera jiragen ruwan yaƙi biyu, daga nan rigar mama ta samu karɓuwa. Ni dai na yarda.

Malam Sani: Hajiya, a yi hattara da lissafin nan, kowa daga bakin wani yake ɗauko shi. Kuma wata Ba'amurkiya, Mary Phelps Jacob, ta yi rajistar rigar mama da ta ƙirƙiro tun 1914, Amurka ba ta shiga yaƙin ba sai Afrilun 1917.

Rabi: Gaskiyar Malam. Ni tela ce, na san yayi ba ya mutuwa dare ɗaya. Tun kafin yaƙi shahararren tela Paul Poiret a Faris yake ɗinka riguna marasa matse ƙugu.

Hajiya Binta: To amma Rabi, wa ya kai yayin Faris gidan talaka in ba yaƙi ba? Mace ta shiga masana'antar harsashi, ta yaya za ta sunkuya da ƙarfe a haƙarƙari?

Rabi: Anti, ai ɗamarar ba ta tafi ba. A Yaƙin Duniya na Biyu matan Ingila nemanta suke ido rufe. Ranar 1 ga Yuni 1941 aka fara rabon tufafi da kati, maki 66 ga mutum a shekara, daga kwat har kayan ciki. Da Japan ta kama Malaya, ƙasar da ake samo roba, a 1942, roba ta yi wuya, aka rage roba da ƙarfe a ɗamarar, ta koma ba ta riƙe jiki. Ki tuna da mai jego, ko dattijuwa mai ciwon baya da ke wuni a tsaye gaban inji. Wannan ba kwalliya take nema ba. Abin yana taɓa min rai, wallahi.

Malam Sani: Amma katin ya yi adalci, yawanci makin kowa ɗaya.

Rabi: Makin ɗaya, Malam, aljihun ne ba ɗaya ba. Mai hali ta sayi mai ƙarko da makinta, talaka ta ba da maki iri ɗaya ta karɓi wadda za ta saki da wuri. Sai faci da sake ɗinki, kuma a 1943 gwamnati da kanta ta buga ɗan littafin koyar da gyaran tsofaffin kaya. Rabon bai ƙare ba sai 1949.

Hajiya Binta: Na ji batun Ingila. Amma na 1917 ina nan kan bakata, yaƙin ne ya hanzarta abin.

Malam Sani: Hanzartawa kam na yarda, Hajiya. Jirage biyun ne ban yarda da su ba.