Maƙwabta suna sayen kurman jirgi, mu a Ghana muna sayen jirgin ruwa: wa ya fi wani lissafi?

Direban Paga, Ashaiman

Assalamu alaikum jama'ar zango. Ni direban babbar mota ne, shekara 19 ke nan ina ɗaukar kwantena daga tashar Tema zuwa Wagadugu. Kumasi, Techiman, Kintampo, Tamale, Bolga, Paga, sai ka tsallaka Dakola. Hanyar a tafin hannuna take. Tun yanzu ina roƙo, kada kowa ya kawo mana maganar jam'iyya, ba ita ta kawo ni ba.

Tun da aka rufe iyakar Benin da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan Yamai da yawa suka koma bi ta Burkina. Sau ɗaya kwaɗayin kuɗi ya sa na ɗauki lodin shinkafa ta can, kuma daga shi ban ƙara ba. Kwananmu 16 a Kaya muna jiran rakiyar soja. Girki a ƙarƙashin mota, ruwan wanka sai ka saya, kowa ya ƙosa. Ranar da ayari ya tashi zuwa Dori, wani direba ɗan Moshi ya nuna min sama da leɓe, ya ce yana nan. Na ɗaga kai, ban ga komai ba sai rana. Sai da aka tsayar da mu aka kashe injuna na ji wata ƙara siririya can sama, kamar babur ɗin da ya yi nisa amma ya ƙi ɓacewa. 'Yan Nijar da ke cikinmu suka ce kurman jirgi ne, mara matuƙi, yana duba mana gaba. Yaron motata da ya kwana biyu ba ya iya haɗiyar abinci, nan take ya ce in miƙo masa gari da suga.

Da na dawo sai na fara bin labarin a rediyo. Nijar, Burkina, Mali, har Togo ƙanwarmu, duk sun karɓi irin wannan kurman jirgi, Bayraktar TB2 na Turkiyya a 2022. Mu kuwa in ka ga biki a talabijin, jirgin sojan ruwa ne a Sekondi. A Fabrairun 2022 guda huɗu: Volta, Densu, Pra da Ankobra. A 2023 Amurka ta ba mu biyu, aka sa musu Aflao da Half Assini. A Disambar 2024 ga Achimota. To wutar a arewa take ci, iyakarmu da Burkina ta fi kilomita 500, mafi yawanta daji ne da hanyar babur. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ni ban ce ruwan teku ake nufi ba. Masu sani, ku fahimtar da ni.

Baba Sela, Tema Newtown

Wa alaikumus salam ɗana. Na yi dariyar ruwan tekun nan, amma zauna ka ji.

Kwantenar da kake ja zuwa Waga, da ƙafa ta zo Tema? Ni shekara 27 na yi a ɗakin injin jiragen dakon kaya da na mai, na sauka a 2021 da gwiwa ta ƙi. Yadda ka yi kwana 16 a Kaya, haka mu ma muka sha kwana a tsaye gaban Kwatano da Ikko muna jiran layin shiga tasha, kowa zuciyarsa a hannu. Kafin mu shiga wannan ruwa sai an zagaye jirgi da waya mai reza, an ɗaura mesar kashe gobara tana feshi ta gefe, an rufe kowace taga kada haske ya fita. Akwai wani ɗaki na ƙarfe a ciki, an ajiye ruwa da biskit da rediyo, in aka busa ƙaho kowa can zai gudu a kulle. Sau biyu na shiga shi ba don gwaji ba. Mutum 20 a ɗakin da bai fi shagon tela ba, ga zafin inji, ba wanda ke tari.

Su kuma ɓarayin teku a ƙaramin kwalekwale suke zuwa mai inji biyu a baya, da dogon tsani mai ƙugiya. Da can mai suke sata, su janye jirgin su juye kayan a wani. Daga baya suka gane mutum ya fi mai saurin zama kuɗi, sai su kwashi kaftin da injiniyoyi su shige da su cikin fadamun Neja Delta. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya baki ɗaya, 130 a wannan tekun namu na Gini aka ɗauke su. Kowane irin wannan labari, masu inshora sukan ƙara kuɗi, mai jirgi ya ɗora a kan kwantena, mai kwantena ya ɗora a kan buhun shinkafar da ake aunawa a kasuwar Nima.

Ka tuna Janairun 2015? An sace jirgin mai MT Mariam a ruwan Najeriya, aka shigo da shi namu. Jirgin sojan ruwanmu GNS Blika, ɗaya daga cikin huɗun da aka sayo daga Chaina, shi ya cim masa, sojoji suka hau suka kama mutum takwas, ma'aikatan suka tsira. To a nan nake so ka tsaya. Jirgin sama mara matuƙi zai gan su, ƙwarai. Amma ba ya hawa tsani, ba ya neman takardun kaftin, ba ya sa wa ɓarawo ankwa ya kai shi kotu a Ankara, babban birninmu. In kuma ya harba, tankar mai ce cike da mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Ga kuma man Jubilee da aka fara haƙa a Disambar 2010, kimanin kilomita 60 daga gaɓa. Shi ya sa aka gina sansanin sojan ruwa na Ezinlibo can yamma wajen iyakar Kwaddibuwa, don daga Sekondi kafin ka isa an gama abin da za a yi. Gaɓar tekunmu kusan kilomita 550 ce, daga Half Assini zuwa Aflao, sunayen jiragen nan biyu ba a banza aka zaɓe su ba. Satar ta ragu sosai bayan 2021, da Najeriya ta ƙaddamar da shirinta na Deep Blue, ga kuma yarjejeniyar Yawunde ta 2013 da ta sa ƙasashe suna ba juna labari. Ɗaya daga cikin cibiyoyinta a unguwar Osu take, nan Ankara. Amma ka janye sintiri wata shida ka gani.

Abu ɗaya zan ba ka: jirgin ruwa doki ne, ko yana ɗaure sai ya ci. Gishiri na cin ƙarfe, ƙwanso na manne a gindi har gudu ya ragu, dole a ɗaga shi a kankare a shafa fenti. Saye shi ne mai sauƙin.

Hajiyar Kifi, Mamobi

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ban san sunan jirgi ko ɗaya ba, abin da na sani kwandona ne. Shekara 22 ina saro kifin amane ina kyafawa. Da, da asuba in na je bakin ruwa sai na zaɓa. Yanzu masu kwalekwale su ƙona mai su kwana a teku su dawo da abin da bai cika roba biyu ba, kifin ma kamar yatsa. Kowa ya san manyan jiragen nan masu jan raga suna shigowa inda doka ta ware wa ƙananan masunta, su kwashe har 'ya'yan kifi, su daskarar su sayar a tsakiyar ruwa, abin da ake ce wa saiko. Tun 2021 Tarayyar Turai ta sake ba Ghana katin gargaɗi a kan wannan. An sha rufe teku a hana masunta fita don kifi ya hayayyafa, mu ma mu zauna ba ciniki, to wa ke tsaron wancan ɓarawon da dare? Direba, kai kana so a kai kuɗin arewa, ni kuma cewa nake jiragen ma ba su isa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗan Aboabo, Kumasi

Yaya direba, gyara kaɗan. Ba jirgin ruwa kaɗai aka samu ba. A Oktoban 2023 Tarayyar Turai ta miƙa wa Ghana motocin sulke 105, kuma saboda arewa aka ba da su.

Ni ɗaukar bidiyon biki da suna nake yi da ƙaramin duron, sai da na yi masa rajista a hukumar jiragen sama kafin na fara tashi da shi. Batirinsa da ƙyar yake kai rabin awa. TB2 da ka ji a hanyar Dori wata duniya ce: fikafikansa mita 12, yana iya wuce awa 24 a sama. Sai dai ba shi kaɗai ake saye ba. Yana son filin tashi, da ɗakin sarrafawa mai kwamfutoci, da matuƙa a ƙasa masu karɓa-karɓa, da makanikai, kuma bama-bamansa daga Ankara ake jiransu, ta Turkiyya nake nufi ba tamu ba. Kuma yana faɗuwa. Daren 1 ga Afrilun 2025 Aljeriya ta harbo Akinci na Mali, yayan TB2, a wajen Tinzawaten, har aka janye jakadu. Amurka ma ta kashe dala miliyan 100 da wani abu a sansanin Agadas, a 2024 aka ce ta tattara ta fita.

Abin da ke hana ni barci ba babban ba ne, irin nawa ne. Masu ɗauke da makamai a Mali da Burkina sun fara ɗaura wa irin na biki ƙaramin bam suna sakewa a kan sansanin soja. Abin da ke shiga jakar goyo, a saya a shago. In ni ake tambaya, kafin babba a fara sayen na'urar da ke gano su ta tsinke musu sadarwa, a ajiye a Paga da Hamile da Kulungugu. Kuma muna da yaran da za su iya. Tun 2019 kamfanin Zipline ke amfani da duron yana jefa jini da magani a asibitocin ƙauye, cibiya ɗaya tana nan wajen Mampong, 'yan ƙasa ne ke tafiyar da ita.

Malam na Sabon Zango, Ankara

Ɗan'uwa direba, ka ji ƙararsa hankalinka ya kwanta, domin ka san a ayarinsa kake. Mutanen Tudun Biri a jihar Kaduna su ma sun ji wannan ƙara daren 3 ga Disambar 2023. Mauludi suke yi. Hukuma da kanta ta ƙirga gawa 85, mata da yara a ciki, sojan Najeriya ya amsa cewa jirginsa ne, kuskure aka yi. Daga sama, taron mutane da dare a bakin daji duk kamarsu ɗaya. Ka dubi ƙauyukanmu na arewa: ranar kasuwa babura jere, Fulani da shanu, zaman makoki har asuba. Ban ce kada a saya ba. Ina tambaya ne, wanda zai danna, wa zai gaya masa su wane ne a ƙasa, da wane harshe, kuma in ya yi kuskure gaban wa zai tsaya?

Direban Paga, Ashaiman

Na gode muku duka. Malam, maganarka ta sa na ajiye waya na ɗan yi shiru. A Kaya mu ma da dare a taru muke, mutum 30 ko fiye kewaye da tukunya ɗaya, wasu da rawani. Ban taɓa tunanin yadda muke a idon na sama ba.

Baba, na ba ka rabi. Gaskiya ne, in jirgi bai shigo Tema ba ni da motata zaman banza ne, ban taɓa haɗa Blika da abincina ba sai yau. Rabin da na riƙe shi ne, ɓarawon teku kuɗi yake nema, in ya samu ya tafi. Na hanyar Dori zama ya zo yi. Na ga ƙauyuka ba kowa, ƙofofi a buɗe, gero ya bushe a tsaye ba mai girbi. Wanda ya ga wannan, in ya iso Paga ya ga mata suna sayar da ƙwai da burodi a bakin shinge hankali kwance, sai gabansa ya faɗi.

Maganar doki kuwa, a nan na fi gane ka, don sana'ata ce. Na san mai motar da ya sayi sabuwar kai fil, bai ware kuɗin taya da birki ba, shekara biyu tana kan duwatsu a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Kuma ba wanda ya manta 6 ga Agustan 2025, da helikwaftan soja Z-9 ya faɗi a dajin Adansi a hanyar Obuasi, mutum takwas suka rasu, har da ministan tsaro Omane Boamah da ministan muhalli Murtala Muhammed da Alhaji Muniru Limuna, Allah ya jiƙan musulminmu. Masu bincike sun ce iska ce da mummunan yanayi, amma sun kuma ce a ƙara wa jiragen na'urorin kariya. Ni dai tun ranar, in na ji an ce za a sayi sabon abu, sai in ce to da me da me ya zo.

Hajiya, ki yi haƙuri, ban ce a ɗauke miki jiragenki ba. Ki ajiye min amane na sidi 100, matata za ta biyo ta karɓa, shi nake ci da gari a hanya.

Ƙanena na Aboabo, ranar Alhamis in Allah ya yarda zan yi lodin tayil, Juma'a da safe ina Kumasi, zan tsaya a Magazin a duba min kulochi. Ka zo da abin naka ka tashe shi a kan motata. Ina so in ga yadda nake daga sama.