In tukunya ta tafasa, ƙara wuta asara ce?

Malamin Kimiyya: Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Da zarar ruwa ya tafasa, ko ka ƙure gas ko ka tura itace dami guda, ruwan ba zai ƙara zafi ba, nama kuma ba zai yi saurin nuna ba. Kuɗi kawai ake ƙonawa.

Uwargida: Wa alaikumus salam. Haba Malam! A aji wannan maganar za ta wuce, amma ba a madafi ba. Ka ɗora ganda ko wake a ƙaramar wuta ka gani, sai la'asar ta same ka kana jira.

Mai Shayi: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ruwan da ke tafarfasa yana tsalle, da wanda ke ɗan motsi kamar mai jin barci, ai ba ɗaya ba ne. Ido ma ya shaida.

Malamin Kimiyya: Ido tsalle ya gani, bai auna zafi ba. Ruwa haɗuwar wasu ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, kuma kullum cikin motsi suke. Abin da ma'aunin zafi ke nunawa shi ne ƙarfin wannan motsin. A cikin ƙanƙara kowace ƙwaya tana maƙale a gurbinta, karkarwa kawai take yi. In ta narke sai su riƙa zamewa suna gogar juna, amma ba su rabu ba. Kana ƙara wuta suna ƙara sauri, har a kai digiri 100. Daga nan duk zafin da ya shigo ba gudu yake ƙara musu ba, fizge su yake daga riƙon 'yan uwansu su tashi su zama tururi. Babbar wuta tururi take yawaitawa, ma'auni kuwa yana nan inda yake.

Ɗalibar Jami'a: Malam na da gaskiya, mun gwada a ɗakin gwaji. Kuma aikin fizgewar ba ƙarami ba ne. Ɗaga lita ɗaya daga digiri 0 zuwa 100 yana cin kusan kilojul 420 (kilojul ma'auni ne na yawan zafin da aka kashe), amma mayar da ita tururi gaba ɗaya yana cin kusan 2,260, fiye da ninki biyar. Wani masanin kimiyya, Joseph Black, ne ya gano haka a Sikotilan tun wajen 1761. Haka ƙanƙara ma: tana tsaye a digiri 0 har sai ta gama narkewa.

Uwargida: 'Yata, na ji lissafinki. To me ya sa wakena ke saurin farfashewa in wuta ta yi ƙarfi? Ba labari aka ba ni ba, da hannuna nake yi.

Injiniya: Bari in ɗan shiga tsakani, don Hajiya ba ta rasa hujja ba. Tafasa mai ƙarfi tana jujjuya wake yana bugun juna, shi ya sa yake farfashewa a ga kamar ya riga nuna. Sannan babbar tukunyar biki a kan ƙaramar wuta, ba murfi, ga iskar hunturu, sau da yawa ba ta kai ga tafasa ba ma, gindin ne kawai ke fitar da 'yan kumfa. A nan ƙara wuta dole ne. Maganar Malam ta fara aiki ne bayan tukunyar duka ta tafasa.

Malamin Kimiyya: Na karɓi wannan gyaran, Injiniya. In kuma so ake miya ta tsotse ta yi kauri, a buɗe wuta, don a nan tururin ake nema.

Mai Shayi: Kun ga an fara ja da baya ke nan. To in digiri 100 ce iyaka, yaya ƙosai ke soyuwa cikin 'yan mintoci, wake kuwa ya share awa a ruwa?

Ɗalibar Jami'a: Kawu, iyakar ruwa ce, ba ta mai ba. Man suya yana kaiwa 170 zuwa 180 bai tafasa ba. Ƙarar da kake ji in an saka ƙulli, ruwan cikinsa ne ke ficewa da gudu.

Injiniya: Ita 100 ɗin ma ba ko'ina ba ce, ta bakin teku ce kamar Legas. Iska tana danne fuskar ruwa tana hana ƙwayoyin tserewa. A Jos, da ke kan tudu na kusan mita 1,200, dannewar ta ragu, sai ruwa ya tafasa a wajen digiri 96. Tukunyar nan mai kulle murfi akasin haka take yi: tana tsare tururin, ruwan ya kai kusan 120 kafin tururin ya samu hanyar fita. Ita ce ke rage lokacin dahuwar ganda da gaske, ba ƙarin itace ba.

Uwargida: Ni dai kanwa nake jefawa, ba ruwana da tukunyar da ke huci kamar za ta fashe.

Malamin Kimiyya: Kanwa tana aiki, Hajiya, amma ba zafi take ƙarawa ba, jikin waken take sassautawa. Ki gwada: tukunya biyu iri ɗaya, wake iri ɗaya, duk da murfi. In sun tafasa ki rage wa ɗaya wuta yadda tafasar ba za ta tsaya ba. Kada ki duba farfashewa, ki latsa ƙwayar da yatsa.

Mai Shayi: Ko an gwada ni ba zan rage ba. Mai saye in bai ga butar tana huci ba, gaba yake yi.

Uwargida: Zan gwada ranar Asabar, amma da wake. Namana ba na gwaji ba ne a wannan tsadar. In ya ƙi nuna kuma, Malam, kai za ka yi wa maigidan bayani.