Dagin Baba da Tafiyar Nahiyoyi

Mai Zaure, Kiyawa:
Assalamu alaikum jama'a. An gama yankan gero, dami ya shiga rumbu, sai mu koma ga baitoci. Wannan karon Baba Mai Dagi ne ya zo da magana. Babban amsa-amo "ya" ne. Bismillah, Baba.

Baba Mai Dagi, Birnin Kudu:

Da sunan Allah zan fara,
Mai yin rani, mai bazara,
Aikinsa ba mai ƙara,
Mai ba mu ruwa a rijiya.

Shekara talatin ina haƙa,
Daga Gumel har kan iyaka,
Yashi nake tararwa da laka,
Har in cim ma ruwa lafiya.

A Birnin Kudu sai in ga sauyawa,
Gaba huɗu in na yi nutsawa,
Sai dutse ya hana wucewa,
Ƙarfe ya yi tsalle ya yo baya.

Jikana ɗan makaranta,
Ya ce ƙasa tana tafiyarta,
Da mu da gonakinmu a kanta,
Wai da can mu da Barazil ɗaya.

Cikin ƙasa na sha yini,
Ba ta ko gusawa da ni,
Masu karatu ku amsa mani,
Ƙarya ce ko gaskiya?

Tsohon Malami, Ringim:
Baba, jikanka bai yi ƙarya ba. Na koyar da jogurafi har na yi ritaya, kuma wannan darasin na fi ƙauna, don takarda da almakashi kaɗai yake nema.

Ɗauko taswira ka yanka,
Afirka ka riƙe a damanka,
Amurka ta Kudu a hagunka,
Sakaina biyu ne, uwarsu ɗaya.

Kafaɗar Barazil in ta matsa,
Lungun tekun Gini za ta kutsa,
Ta zauna daram kamar an dasa,
Ko faifai a bakin ƙwarya.

Wani Bajamushe, Wegena,
A 1912 ya yi magana,
Ya ce ku zo ku duba, ku auna,
Daga baya ya ce mata Fanjiya.

Ƙashin wani mai kamar kada,
Kamu biyu tsawonsa, ba ya daɗa,
Ya zama dutse tun zamanin da,
An tono shi Barazil da Namibiya.

Ɗan wannan ba ya keta teku,
Ina tambayar hankalinku,
Amsar na nan a gabanku,
Ba teku tsakaninsu a can baya.

Masana suka ce, to da wa?
Wane ƙarfi ne ke turawa?
Bai da amsa mai gamsarwa,
Ya rasu kan ƙanƙara, cikin tafiya.

Fanjiya shi ne sunan da ya ba nahiyoyin lokacin da suke haɗe wuri ɗaya. A tsibirin Girinlan ya rasu, 1930. Har yau ina jin tausayin mutumin nan, bai ga ranar da aka yarda da shi ba.

Kawu Manomi, Gwaram:

Malam, akwai gawo a gona,
Shi ne iyaka tun kakana,
Yana nan inda ya kwana,
Bai matsa ba ko taku ɗaya.

In ƙasa tana gudu da mu,
Me ya hana ta rushe rumbunmu?
Alƙibla fa, ta masallacinmu?
Sai mun sake ta kowace safiya?

'Yar Dutse, ɗalibar ilmin duwatsu:
Iyayena ku yi mini afuwa, ni ce ƙaramar zauren, amma wannan shi ne karatuna.

Kawu, jirgi guda kuke ciki,
Kai da gawon da gonaki,
Faifai ne babba, ba shi da birki,
Sai dai ko kusa bai kai hawainiya.

Dubi farcen hannunka,
Tsawon da ya ƙara a shekararka,
Haka tekun Atlantika,
Ke ƙara faɗi daga tsakiya.

Ƙwaya ƙwaya ake yin tari,
Tara shi shekara miliyan ɗari,
Tsagar da ta soma tun fari,
Yau jirgin ruwa ke kwanaki a hanya.

Reshe uku tsagar ta yi a nan,
Biyu suka zama tekun nan,
Na ukun ya tsaya bai kai can,
Kwarin Binuwai ne a Nijeriya.

Santimita 2 zuwa 5 ne a shekara, Kawu. Alƙiblarka tana nan, ko jikokin jikokinka ba za su ga ta gusa ba.

Tsohon Malami, Ringim:
Madalla 'yata. Ki sani kuma mace ce, Mari Tarp ta Amurka, ta fara gano tsagar da ke tsakiyar tudun ƙasan Atlantika, a farkon shekarun 1950, daga awon zurfi da jiragen ruwa ke kawowa. Da farko ba a saurare ta ba.

Gwaggo Mai Koko, Jahun:
Jikata ce ke rubuta mini. Ban yi boko ba, 'yata, amma na san bakin murhu.

Na san talge in ya tafasa,
Na ƙasa yana tasowa bisa,
Na sama ya huce ya koma ƙasa,
Haka yake juyi a tukunya.

Shin ƙarƙashinmu talge ne,
Dutsen ciki a narke ne,
Mu kuma ɓawon samansa ne,
Yana ja, muna bin sa baya?

'Yar Dutse:

Gwaggo, kin kamo bakin zare,
Zafi na tashi rana da dare,
Sai dai dutsen yana a daskare,
Jan jiki yake, ba ambaliya.

Kamar kakin zuma a rana,
Yana da tauri in kin danna,
Bar shi ya yini ya kwana,
Sai ya lanƙwashe ba karaya.

A tsakar teku ake haihuwa,
Sabon dutse yana fitowa,
Ya huce, nauyinsa na ƙaruwa,
Ya nutse ƙasa a gefen Asiya.

Ɓawon da Baba ke haƙa, kaurinsa a ƙarƙashin nahiya kilomita 30 zuwa 50 ne. Ƙarƙashinsa sai ɓargon ƙasa, wanda masana ke ce wa mantil, har zurfin kilomita 2,900. Rami mafi zurfi da ɗan'adam ya taɓa haƙawa, a Kola ta Rasha, kilomita 12 ne da ɗan ɗori. Ko ɓawon bai huda ba.

Baba Mai Dagi:
Tsaya nan, 'yata. Wannan nutsewar na gane ta da hannuna. Na taɓa rasa igiya sabuwa fil a haka, ina kallo, tana zarya ta kan itacen bakin rijiya har wutsiyarta ta shige.

Guga in ya cika ya suɓuce,
Igiyar da ke waje a kwance,
Binsa take har ta ɓace,
Nauyin guga ke jan igiya.

'Yar Dutse:
Wallahi Baba ka faɗa. Mafi yawan masana a kan haka suka tsaya: gefen da ya nutse shi ne ya fi kowane ƙarfi jan sauran faifan. Zan ari gugan nan in kai wa 'yan ajinmu.

Na'ibin Liman, Taura:
A Suratul Ankabut, aya ta 20, Allah ya ce a yi tafiya cikin ƙasa a duba yadda ya fara halitta. Don haka dubawa ba laifi ba ce. Ni shaida nake nema.

Ba mai gani, ba rubutu,
Ba wanda ya rayu bai mutu,
Wa ya tsaya har ya yi batu,
Kan inda Kano ta kwana jiya?

Tsohon Malami:
Allah gafarta Malam, shaidan yana cikin dutsen.

Dutse in ya fito a narke,
Ƙwayar ƙarfensa tana sake,
Ta dubi arewa ta miƙe,
Ya daskare da ita, ta tsaya.

Yadda allurar ta karkata,
Shi ke faɗin mazauninta,
Kusa da ƙanƙara aka haife ta,
Ko kan layin tsakar duniya.

Sahara ɗin nan mai ƙuna,
Ƙanƙara ta hau ta ta zauna,
Ta karce dutse, je ka ka auna,
A Jado ta Nijar da Aljeriya.

Kimanin shekara miliyan 445 ke nan, lokacin da wannan ɓangare na Afirka yake kusa da ƙuryar kudu ta duniya. Allurar dutse ta faɗa, kartar ƙanƙara ta faɗa, shaidu biyu ke nan da ba su haɗa baki ba.

'Yar Dutse:
Haka ne Malam. Amma ga inda gizo ke saƙa, kuma nan ne abin ya fi ɗaukar hankalina.

Allura ta san kudu da arewa,
Gabas da yamma ba ta ganewa,
Tana nuna kunya, amma faɗawa
Wane rami ne a kai, ba ta iya.

Ƙasan teku da zai taimaka,
Mafi tsufansa in ka bincika,
Miliyan ɗari biyu ne iyaka,
Na gabansa ɓargo ya haɗiya.

Sai aka nemi turke a ciki,
Girgizar ƙasa ta yi aiki,
Rawarta na ratsa duk jiki,
Ta nuna tudu biyu a can ƙurya.

Ɗaya ƙarƙashin Afirka yake,
Ɗaya a Fasifik, can a liƙe,
Daga gefensu wuta kan ɓarke,
Ta huda faifan da ke tafiya.

Kawu zai fi kowa gane kunyar nan. In zobe ya faɗi a gona aka ce maka a kunya ta bakwai yake, ka rage aiki, amma kunyar doguwa ce, daga gabas har yamma. Haka nahiyar da: an san layinta, ba a san gurbinta a kan layin ba. Duk abin da ke sama kuwa tafiya yake, ba ka auna tafiyar akuya da wata akuyar, sai da turke.

Tudun nan biyu a gindin ɓargo suke, rawar girgizar ƙasa tana rage gudu in ta ratsa su, ta haka aka san da su. Kebin Bak, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan, da Torsbik na Nowe da abokan aikinsu, sun mayar da tsofaffin wuraren aman wuta da ramukan da lu'ulu'u ke fitowa zuwa inda aka haife su, sai suka ga mafi yawansu sun faɗo a saitin gefen tudun. In haka ne, tudun sun daɗe a wurinsu, kamar shekara miliyan 300, kuma da su za a san gabas da yamma. Wasu masana ba su yarda ba, sun ce faifan da ke nutsewa yana ture tudun yana sauya musu siffa. Ni hujjar turken ta fi kwanta mini, amma ƙofar ba a rufe take ba.

Na'ibin Liman:
Wannan maganar taki ta ƙarshe ita ta sa na amince da ke. Allah ya ƙara sani.

Kawu Manomi:

Kin ɗaure ni da farcena,
Gawo na tafe da ni da wana,
To duwatsun Dutse da ke gabana,
Suna da baki a wannan tambaya?

'Yar Dutse:
Su nake kallo kullum ta tagar ɗakinmu, Kawu, awaki na hawa suna sauka.

Kawu, gindin murhun wuta ne,
Aman dutse aka yi a nan ne,
Kan ya zaizaye, saura tushe ne,
Zobe-zobe kamar an kewaya.

Na Azbin su ne yayyen kowa,
Damagaram na biye da zuwa,
Sai Dutse, sai Jos na biyowa,
Afu a kudu ce autar zuriya.

Na Azbin sun haura shekara miliyan 400, na Dutse kimanin 213, na Afu a Nasarawa kimanin 141. Ririwai mai kuza a Doguwa cikin dangin take. Kana yin kudu suna ƙara yarinta. Wasu sun ce faifanmu ne ya wuce ta kan wata wuta da ke ƙasa, kamar a ja tabarma a kan garwashi, ta ƙone nan, ta ƙone can. Wasu sun ce tsofaffin tsagogi ne suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Har yanzu ana kai.

Tsohon Malami:
Kada mu manta Baba bai sami amsar daginsa ba. Yashi da lakar Gumel shimfiɗar kwarin Chadi ce, koguna da tafkuna suka jibge ta a kan tsohon dutse. A kudu shimfiɗar ta ƙare, sai tsohon dutsen ya taso kusa. Mafi yawansa an toya shi kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, kuma irinsa, sa'ansa, yana arewa maso gabashin Barazil.

Baba Mai Dagi:

To in akwai mai haƙa a can,
Dutsen da ya tare ni a nan,
Shi ya tare shi a ranin nan,
A gaishe shi, abokin rijiya.

Jibi zan sauka wata rijiya da muka tsaya a kan dutse. Zan ɓantaro guntu da guduma in ba jikana ya kawo miki, 'yata, a duba mini ina ƙwayar ƙarfensa ta fuskanta.

'Yar Dutse:

Kafin ka ɓantare shi, Baba,
Nemi arewa tukun ka duba,
Shaidar da ta juya ba a karɓa,
Zana masa da gawayi kibiya.

Ka kuma sa alama a fuskar da ke kallon sama, sannan ka naɗe shi a leda kada gawayin ya goge a hanya.