A tashe shi daga gado ko a bar shi ya huta?

Ɗalibar Nas: Salam jama'a, wai da gaske ne wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki gara a fara tayar da shi tun ranar farko? Haka na ji wani yana faɗa wai jinkirin awa ɗaya ma asara ce

Mai Gashi (likitan gashin ƙashi): Wa alaiki salam ƙanwata. Gaskiya ne mana, kwanciya ita ke kashe su, ga gyambon kwanciya ga nimoniya ga jini ya daskare a ƙafa, tsoka kuma tana zubewa kullum. Ni dai a tashe shi kawai

Sista: Malam ka yi a hankali fa. An gwada wannan maganar taka a binciken AVERT da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2015, mutum 2104 a ƙasashe biyar, Farfesa Julie Bernhardt ta Ostireliya ce ta jagoranta, kuma su kansu masu binciken sun shiga ne da tsammanin tashi da wuri zai yi nasara sai ga shi bayan wata uku kashi 46 cikin ɗari ne suka murmure sosai a ɓangaren da aka matsa wa tashi da wuri, waɗanda aka bari a kulawar da aka saba kuwa kashi 50

Mai Gashi: Haba Sista, 46 da 50? Ai wannan ba wani tazara ba ne

Sista: Mutum huɗu cikin kowane ɗari ne fa. In mahaifinka na cikin huɗun nan ba za ka ce ba tazara ba

Dakta: Ku dakata, duk kun tsallake wani abu. Waɗanda aka ce an “bari” ɗin nan ba kwantar da su aka yi sati guda ba, su ma yawancinsu an tashe su kafin awa 24 ta cika, wajen awa 22, ɗaya ɓangaren kuma wajen awa 18 da rabi. Inda aka rabu shi ne yawan aikin, minti 31 a rana da minti 10. To ka ga ba kwanciya aka gwada da tashi ba, da yawa aka gwada da kaɗan

Mai Gashi: Yauwa Dakta! Kenan maganata na nan

Dakta: Rabinta na nan 😄 da suka sake duba alƙaluman a 2016 sun ga gajeren motsi sau da yawa a rana ya fi tafiya da samun sauƙi, dogon zama lokaci guda kuma akasin haka. Sai dai wannan sake duba alƙaluma ne kawai, ƙarfinsa bai kai na ainihin gwajin ba

Ɗalibar Nas: To Dakta me ya sa yawan ke cutarwa? Ko don jini baya isa ƙwaƙwalwa in mutum ya miƙe?

Dakta: Haka ake zato. Amma binciken HeadPoST na 2017 ya gwada mutum sama da dubu 11, wasu a kwance flat wasu an ɗaga musu kai digiri 30, ba a ga bambanci ba, don haka kar ki haddace wannan dalilin kamar karatun allo

Sista: Ni abin da ke ba ni haushi 'yan uwan mara lafiya ne, wani ya ce kar a taɓa shi sam, wani kuma ka juya baya ka tarar ya kama shi yana ja wai ya taka, mutumin da ko zama bai iya ba tukuna

Mai Gashi: Wannan kam na yarda. Amma gobe in na zo zagaye Sista kar ki ɓoye min marasa lafiya

Sista: In BP ɗinsu ya daidaita ka zo, minti goma na ba ka