LDL ya sauka, amma Lp(a) ya ƙi motsi

Assalamu alaikum. Wata 8 ke nan ina shan atorvastatin, maganin rage kitsen jini na rukunin statin, kowane dare, na rage maiƙo, ina tattaki kullum da safe. LDL ɗina, wato mugun kitsen jini, ya sauko daga 190 zuwa 95, amma Lp(a), wani nau'in kitsen jini dabam, ya tsaya cak a 110 mg/dL, alhali daga 50 haɗarin ciwon zuciya ke ƙaruwa. Likita ya ce gado ne, ƙwayar halittar LPA ke tsara shi, abinci da statin ba sa sauke shi. Abin da ke hana ni barci, jijiyar zuciyar mahaifinmu ta toshe yana ɗan shekara 52, ni kuwa yanzu 44 nake. Don Allah, akwai amfanin a ɗora ni kan allurar da ke daƙile PCSK9 (furotin da ke rage wa hanta ƙarfin kwashe LDL daga jini) saboda Lp(a) kaɗai?